Yadda za ku haɗa wa mage wurin hawa a ƙaramin gida

Duk baƙuwar da ta shigo falona ta ga magena Toka kwance a kan kantarta ta gefen taga, tambayoyinta ba sa wuce uku: wa ya yi miki, nawa kika kashe, kuma ya aka yi mai gidan haya ya yarda? Wata ta ce tata magen ta gama da labule ta koma kan kushin. Wata ta ce tata ta yi ƙiba har sai ta yi nishi kafin ta hau gado. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na jero aikin daga farko har ƙarshe.

Ɗaki da falo nake zaune, a hawa na biyu na wani bene a Kano. Ba tsakar gida, ba katanga, ba bishiya. Magen gidan ƙasa takan hau katanga, ta bi ta kan kwano, ta yi fakon ƙadangare, ta dawo a gajiye. Wadda aka rufe a bene ba ta da ko ɗaya, don haka labule ne katangarta, kushin ne bishiyarta. A ƙaramin gida kaya sun cinye ƙasa, amma bango yana nan fayau, kuma shi za mu yi amfani da shi. Abin da za ku gina hanya ce, mai wurin hawa, da wurin sauka, da inda take kaiwa. In kuka kafa katako ɗaya a sama ba tare da hanyar zuwa ba, ƙura ce kawai za ta kwanta a kai.

1. Ku kalle ta kwana uku kafin ku sayi komai

Ina take kwana da rana? Wace taga take zama? Me take karta, kuma a tsaye take kartarsa ko a kwance? Wadda ke miƙewa jikin kushin tana son turke a tsaye. Wadda ke yakushin tabarma ko sallaya tana son abin karce a shimfiɗe. Ku kuma lura da shekarunta. Lafiyayyar mage na iya tsallen da ya kai mita ɗaya da rabi, amma 'yar da ba ta wuce wata huɗu ba, da tsohuwar da ta haura shekara goma, da mai ƙiba, duk matakalarsu sai an matso da su kusa da juna.

2. Zaɓen bango

A nan mafi yawan kurakurai suke, kuma ba a gane su sai bayan an huda.

Ku fara da bangon da ke da taga, ko wanda ya haɗa kusurwa da shi. Taga ita ce talabijin ɗin mage: tsuntsaye, masu wucewa, akuyar maƙwabta. Hanyar da ta ƙare a taga kullum za a bi ta. Wadda ta ƙare a lungu mai duhu sai a yi mata hawa biyu a manta da ita.

Gargaɗi a kan fankar sama. Fankar da aka fi sani mai inci 56 ce, wato faɗin juyawarta kusan santimita 140. A ɗaki mai ƙafa 12 da 12, daga tsakiyar bango zuwa bakin fiffiken fanka kusan santimita 110 ne kawai. In kuka sa kanta mai faɗin santimita 30, saura 80, wanda ba komai ba ne a wurin mage. Daga kusurwa kuwa tazarar ta haura santimita 180. Saboda haka kanta mafi tsawo a kusurwa za ta zauna, kuma kada ta wuce santimita 170 zuwa 180 daga ƙasa.

Ku duba soket da makunnin wuta. Wayar da aka binne a bango takan miƙe sama ko ƙasa daga gare su, don haka kada a huda a kan wannan layin, a kauce masa da aƙalla taƙi guda. Bangon da ke jingine da banɗaki ko kicin yana iya ɗauke da bututun ruwa a ciki.

Sai kayan jere. Ku tsaya a inda kuke shirin sa kowace kanta, ku tambayi kanku: daga nan me za ta iya dira a kai? In amsar ita ce talabijin, ko shokes mai tangaran, ko saman firji inda ake ajiye fulas, ku canja wuri. Ni da farko na sa mataki na uku kusa da shokes saboda ya fi kyan gani. A dare na biyu na ji tartsatsi, na fito na tarar da kofunan shayi biyu na kayan aurena a ƙasa, ita kuwa tana zaune a sama tana lasar hannu kamar kyanwar Lami.

Kada hanyar ta bi ta saman wurin da kuke kunna turaren wuta ko maganin sauro. Hayaƙi sama yake taruwa, kuma numfashin mage bai jure masa. Kicin kuma a bar shi gaba ɗaya.

In gidan haya ne, ku yi magana da mai gidan ko wakilinsa tun yanzu. Ku faɗa masa adadin ramukan, kuma ku yi alkawarin toshewa da shafa fenti ranar tashi. In ya ƙi, ku tsallaka zuwa mataki na 9.

3. Ku zana hanyar da alli

Kafin a yanka katako, a zana komai a jikin bango. Ga awon da na yi amfani da shi ga babbar mage mai nauyin kilo 3 zuwa 5:

Matakin hawa: tsawo santimita 40, faɗi 30.
Kantar kwanciya: tsawo 60, faɗi 30.
Tazarar sama tsakanin mataki da mataki: 30 zuwa 40. Ga tsohuwa ko mai ƙiba, 20 zuwa 25.
Tazarar gefe daga bakin wannan zuwa bakin wancan: kada ta wuce 30 zuwa 40.

Kada ku jera su ɗaya a saman ɗaya kamar kantar shago. Mage ba ta iya hawa ta cikin katakon da ke bisa kanta. A karkace ake jera su, wannan dama wancan hagu, ko su tafi a gicciye kamar matakalar bene.

Mutane suna lissafin hawa su manta da sauka, alhali sauka ta fi mata wuya. Faratanta sun lanƙwasa ne ta yadda suke riƙe ta in tana hawa, ba sa taimakonta in ta juyo da kai ƙasa. Ku tabbatar akwai inda za ta dira mai laushi ko mai faɗi, kamar hannun kujera ko saman durowa. In maguna biyu gare ku, hanyar ta zama mai baki biyu. In ba haka ba, babbar za ta zauna a tsakiya ta tsare ƙaramar a sama, faɗa ya tashi.

Kayan da kuke da su ma suna cikin hanyar. A wurina ta fara daga turke, zuwa mataki biyu, zuwa saman sif ɗin da ke kusurwa, sannan ta gangaro kantar taga. Saman sif bai ci mini ko sisi ba, akwatuna kawai na kwashe.

4. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Farashin wannan watan ba shi ne na wata mai zuwa ba, don haka ga kayan da adadinsu, ku tafi kasuwa da takardarku:

Rabin fallen filawud mai kaurin milimita 18, wanda kafintoci ke kira kwata uku. Cikakken falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Rabinsa yana fitar da murabba'i biyu na 60 da 60 don gindin turke, da matakai uku na 40 da 30, da kantocin kwanciya biyu na 60 da 30, ba ragi.
Katako mai inci 3 da 3 ko 4 da 4, tsawon santimita 90, busasshe, don turke.
Ƙarfen tallafi mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, mai tsawon inci 10, guda goma, biyu ga kowace kanta.
Robar da ake cusawa a ramin bango, wadda masu shago ke kira fisha, mai lamba 8, guda talatin, da sukuru masu tsawon inci biyu da rabi daidai adadinsu.
Gajerun sukuru na santimita ɗaya da rabi don ɗaure katako a kan ƙarfen.
Igiya mai kaurin milimita 8, mita 40 zuwa 50.
Gam ɗin katako fari, da samfefa, da ragowar kafet ko buhun algarara.

A Kano ana samun katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, kayan ƙarfe kuma a Ƙofar Ruwa. A Kaduna akwai Fanteka, a Abuja akwai Dei-Dei, a Yamai akwai kasuwar Katako. Ku fara tambayar ragowar yanka kafin ku sayi sabon falle, domin matakai ƙanana ne, kuma guntayen da suka rage daga aikin sif sun ishe su a kan kuɗi kaɗan.

Abubuwa uku ne ke cin kuɗi: filawud, igiya, da ladan kafinta. In za ku rage, ku rage a kan filawud ta hanyar guntaye. Kada ku rage a kan ƙarfen tallafi da sukuru. Ƙarfen nan siriri da ake lanƙwasa shi da hannu na ɗora hoton bango ne. In ba ku samu mai kauri ba, mai walda zai haɗa muku daga guntun ƙarfe, ya ƙara masa sanda a gicciye. Da kafinta kuma ku yi ciniki a kan aiki kawai, ku sayo kaya da kanku.

Ana sayar da na waje haɗaɗɗe a shagunan kayan dabbobi na manyan birane. Yana da kyan gani, amma da yawa daga cikinsu bututun kwali ne aka naɗe da siririyar igiya, kuma ba su da nauyin da zai riƙe babban muzuru.

Gargaɗi biyu a kan katako. Na farko, ku guji allon nan na matsattsen garin katako. Sukuru ba ya kama shi da kyau, kuma da ya sha danshin damina sai ya kumbura. Na biyu, ku gaya wa kafinta ƙarara kada ya shafa maganin gara ko baƙin mai. Al'adarsu ce su shafa don su kare muku katako, amma mage tana lasar tafin hannunta da gashinta kullum, duk abin da ta taka yana ƙarewa a cikinta.

5. Turken karce

Wannan a fara yi, domin ko da kun tsaya a nan kun ceci kushin.

Ranar da na kai wa kafintan unguwarmu zanen, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, duk wannan don mage?" Na ce, "Baba, ai ya fi sauƙi a kan sake yadin kujeru." Ya yi dariya ya ɗauki tef.

A manne murabba'i biyun nan na 60 da 60 da gam, a ƙara musu sukuru, su zama gindi ɗaya mai nauyi. A tsayar da katakon a kai, a ɗaure shi ta ƙasa da dogayen sukuru huɗu, a nutsar da kawunansu don kada su karce tayil. In akwai ragowar ƙarfen tallafi a ƙara biyu a gindin. A goge kaifin katakon da samfefa.

Tsawon kada ya gaza santimita 80 zuwa 90. Mage tana son ta kafa farata a sama ta miƙe iya tsawonta har bayanta ya lanƙwasa. Gajeren turke ba ya ba ta wannan, shi ya sa take komawa kushin.

Sai naɗin igiya, wanda shi ne aikin da ya fi gajiyarwa. Igiyar zaren tsiro ake so, ta sisal ko ta rama, mai kaushi. Kada a sa ta leda irin ta shanya: tana santsi, kuma zarenta in ya tsinke aka haɗiye ba ya narkewa. Ku shinshina igiyar a kasuwa, in tana warin mai ko kalanzir ku bar ta.

Lissafin yawanta ba wuya. Igiya mai milimita 8 tana buƙatar zagaye kusan 112 kafin ta rufe santimita 90. A katako mai inci 3 kowane zagaye yana cin kusan santimita 33, jimla mita 37. A mai inci 4 yana cin kusan 43, jimla mita 48. Ku sayi ƙari kaɗan, domin haɗa guntu a tsakiya shi ne inda take fara warwarewa.

A fara daga ƙasa. A kafe bakin igiyar da ƙusa mai lanƙwasa, a buga ta har ta nutse. A shafa gam taƙi ɗaya, a naɗa da ƙarfi, bayan kowane zagaye biyar a bubbuga da guduma daga sama don su matse. Mutum biyu suka fi yin sa, ɗaya na juya turken ɗaya na jan igiya. A kafe bakin ƙarshe a can saman katakon, inda farce ba ya kaiwa. A bar shi kwana biyu ya bushe.

Kada a buga ƙusa ko ƙaramar waya a tsakiyar turken, inda take karta. Farce yana maƙalewa ya tsage.

Wurin ajiye shi: dab da abin da take karta yanzu, ko kusa da inda take kwana, domin da ta farka take miƙa ta yi karce. In kuka ɓoye shi a bayan ƙofa don kada baƙi su gani, kushin zai ci gaba da shan wahala. Ga mai son karce a kwance, ku yanka kwalin taliya tsiri-tsiri mai faɗin santimita 8, ku naɗe su kamar gammo har ya kai faɗin faranti, ku ɗaure. Ba ya cin kuɗi, kuma in ya mutu a yi wani.

6. Kafa kantoci

Kafin a kai su bango, a zagaye kusurwoyinsu, a goge, a rufe samansu da kafet ko buhu. Katako tsirara yana santsi, kuma mage da gudu take dira. A lanƙwasa rufin zuwa ƙasan katakon a kafe shi a can. Ku guji kafet mai zare kamar madauki, yana kama farce. Kada kuma ku yi amfani da irin kafet ɗin da ke shimfiɗe a falonku, don za ta ɗauka duk an halatta mata. In kuna son fenti, a yi shi a waje, a bar shi mako guda har warin ya fita.

Yanzu bango. Yawancin gidajenmu bulo ne mai rami, na inci 6 ko 9, da filasta a kai. Ku ƙwanƙwasa da bayan sukudireba. Inda ya yi ƙara kamar ganga rami ne, inda ya yi tauri nan ne jikin bulo ko mahaɗar siminti, kuma nan ne fisha ke kamawa sosai.

A ɗora ƙarfe ɗaya a kan layin alli, a yi alamar ramuka da fensir. A huda da injin huda bango, da baki mai lamba 8, zurfin ya ɗan fi tsawon robar. A hure ƙurar ramin, a buga robar har ta yi daidai da bango, a ɗaura sukuru na sama kawai. A ɗora katakon, a sa abin awon magina mai ɗigon ruwa a kai, sannan a yi alamar ƙarfe na biyu. In aka huda duka ramukan lokaci guda kafin awo, kantar takan fito a karkace. Sukuru na sama shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi, don haka shi ne ba a yi wa sassauci.

In baki ya shige fuu ba tare da turjiya ba, ko robar tana juyawa tare da sukuru, ramin bai kama ba. Kada a cusa tsinken ashana ko takarda a ce ya yi. A matsa gefe da yatsa uku a sake hudawa. In bulon mai ruɓewa ne, yana zuba kamar gari, a fara kafa doguwar falanki a bango da sukuru shida ko takwas, sannan a ɗaura ƙarafan a jikinta, nauyin ya rarrabu.

Kada a yi amfani da ƙusar kankare. Tana riƙe agogo, amma dirar mage sau ashirin a rana tana sassauta ta a hankali. Kada a rataya komai a silin, na roba ne ko na farar ƙasa. In kuma ginin ƙasa ne, fisha ba ta kamawa, ku bi mataki na 9.

A sama da taga akwai linta, kankare ne da rodi a ciki. In injin ya tsaya yana ƙara, rodi ya tarar, a janye a canja wuri.

7. Gwaji kafin ta hau

Ledar fiya wata guda, mai ƙulli 20, nauyinta kilo 10 ne, wato ninki biyu na babbar mage. Ku ɗora ta a bakin kowace kanta, ba jikin bango ba, ta kwana. Da safe ku duba ko an samu tazara tsakanin ƙarfe da bango, ko garin filasta ya zubo. Sannan ku dafa da hannu ku girgiza. Turken ma ku tura shi daga sama. In ya yi rawa, a ƙara nauyi a gindi ko a ɗaure samansa da bango.

A rufe magen a ɗaki har a gama wannan. Mage ba ta manta wurin da ya girgiza da ita. Wata ƙawata ta bar tata ta hau kafin a matse sukuru, katakon ya sunkuya, yau wata na biyar ke nan ko kallon bangon ba ta yi.

8. Taga

Tunda kun jawo ta taga, sai ku tsare tagar. Ragar sauro ba ta tare mage, farce ɗaya ya ishe ta. Ƙarfen taga kuma duk inda kan mage ya shiga, galibi jikinta zai bi. A sa waya mai ƙarfi irin ta kejin kaji, mai ƙananan ido, a jikin firam na katako ta ciki. In tagar mai gilashi jere-jere ce da ake buɗewa da mariƙi, ku duba ko akwai wanda ya sassauta.

Kada ku yarda da zancen cewa mage ba ta faɗuwa. In ta ga tsuntsu ba ta ganin komai sai shi, kuma faɗowa daga bene na karya mata ƙafa ko muƙamuƙi. Baranda ma sai an rufe ta da waya har sama kafin a bar ta ta fita.

Ku kuma duba rana. Tagar da ke kallon yamma a watan Afrilu tanda ce. A bar rabin kantar cikin inuwar labule. A bazara za ku ga ta bar sama ta dawo ta baje a kan tayil, domin zafi sama yake taruwa, musamman a ƙarƙashin kwano. Ba ƙin aikin ta yi ba, da hunturu za ta koma. A ajiye mata ruwa a ƙasa kullum.

9. In ba a yarda a huda bango ba

Kafinta ya yi muku tsayayyar kanta mai hawa huɗu, tsawon santimita 150, gindinta 60 da 60, ƙafafunta katako mai kauri. A yanke rabin kowane hawa, wannan dama wancan hagu, ta yadda za ta riƙa ratsawa ta ciki. A naɗe ƙafa ɗaya da igiya ta zama turke. A sa ta a kusurwa don bango biyu su tallafe ta, a ɗora bulo ko buhun yashi a hawan ƙasa, a rufe shi da ƙyalle. In tana kusa da taga, a ɗaure samanta da ƙarfen tagar. Sannan ku jera kayan ɗakin su zama matakala: akwati, durowa, sif.

10. Ranar fara hawa

Kada ku ɗauke ta ku ɗora a sama. Za ta diro, kuma ta ɗauki wurin a matsayin inda ake tilasta mata. Kada kuma ku kama hannunta ku goga a turke.

Ku shimfiɗa tsumman da take kwana a kai a kan kanta ta farko. Ku goga wani ƙyalle mai laushi a kumatunta, sannan ku shafa shi a bakin kowane katako, domin da ƙanshin kumatu take gane abin da yake nata. Ku ajiye ɗan guntun dafaffiyar kaza ko kifi maras ƙaya a mataki na ɗaya, gobe a na biyu. Turken kuma ku karta shi da farcenku tana kallo, ƙarar kaɗai takan jawo ta.

Kada ku yi tayi da tsire, kilishi ko naman miya. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage.

Toka ta yi kwana shida tana zagaye turken tana shinshinawa. A na bakwai na fito alwalar asuba na ga idanu biyu suna ƙyalli a saman sif. Wata magen takan hau a ranar, wata sai ta yi mako uku. A wannan tsakanin ku lulluɓe gefen kushin da take karta da leda mai santsi, ba ta son jin ta a farce.

11. Wasan kullum

Katako kaɗai ba ya rage ƙiba. Mage tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma in ba abin da ya motsa ta, kwanciyarta ce kawai za ta koma sama. Ƙarfinta yana tashi ne da asuba da kuma magariba, lokacin farauta, don haka a nan za ku kama ta.

Ku samu sanda mai tsawon hannu, ku ɗaura igiya, a bakinta gashin zabo ko na kaza uku. Ku ja shi a ƙasa yana nisantar ta, ya ɓuya a bayan kujera, ya leƙo, sannan ya hau turke, ya bi matakai har sama, ya sauko. Kada ku kaɗa mata shi a fuska, ɓera ba ya zuwa wurin mage. Ku bar ta ta kama shi lokaci-lokaci. Minti goma sau biyu a rana ya isa, kuma a rufe da abinci. Wasan dare kafin ku kwanta shi ke rage guje-gujen ƙarfe uku.

In kun gama, ku ɗaga sandar ku kulle a durowa. Zare, ulu, robar ɗaure kuɗi da ledar tsire in mage ta haɗiye su suna naɗe hanji, sai an yi tiyata.

Abincinta ma ya zama aiki. Ku raba shi kashi uku, ku ajiye a matakai daban-daban ta nema. In busasshe ne, ku zuba a kiret ɗin ƙwai na kwali ta riƙa zarowa da hannu. Ku ajiye kwali guda mai ƙofa biyu a ƙasa, ku riƙa canja masa wuri duk mako. Kaskon yashinta kuwa ya zauna a ƙasa, nesa da abinci da wurin kwana.

12. Dubawa, da ranar tashi

Farkon kowane wata ku bi sukuru da sukudireba, musamman bayan hunturu, lokacin da katako ke bushewa ya tsuke. Ku karkaɗe rufin kantocin, ku yanke zaren igiyar da ya yi tsawo. Kada ku yi saurin canja igiya don ta yi buzu-buzu, a haka ta fi sonta. Sai katako ya fara leƙowa.

In za a fesa maganin sauro ko na kyankyaso, a fitar da ita, a lulluɓe kantoci da turke, a buɗe taga a goge ƙasa kafin ta dawo. Maganin ƙuma na karnuka ma kada a sa mata, wasunsu suna kashe mage.

In wadda ta saba hawa ta daina kwatsam, ko ta tsaya tana auna tsalle ta fasa, ko tana ɗingishi, ku fara girgiza kantocin ku gani. In suna nan daram, ku kai ta asibitin dabbobi, ciwon gaɓoɓi ko rauni a tafi yakan fara da haka. Kada ku ba ta farasitamol ko kaɗan, guba ce gare ta, ƙwaya ɗaya na iya halaka ta.

Ranar tashi daga gidan, a kwance sukuru, a zare robobin da filaya, a toshe ramukan da abin cike bango da masu fenti ke amfani da shi, a goge da samfefa, a shafa fenti. Aikin awa ɗaya ne. Turken da rufin kantocin kuwa kada ku wanke su, kada ku sake musu igiya. A sabon gida su ne za ku fara saukewa daga mota, ku ajiye a ɗakin da za ku rufe ta na kwanakin farko.